Albarushin Kaka Delu

Mahjar, Jidda
Farkon watan Safar

Zuwa ga ɗana Abduljalil, ɗan ƙanina marigayi Abdallah.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka a jirgin ruwan nan da ba ya zama wuri ɗaya. Mu nan lafiya lau. Gwiwa tana nan yadda ka bar ta, kunne kuma ya ƙara nisa, don haka kada ka sake kirana a waya kana ihu kamar mai neman ɗan dako a kasuwar Bab Makka. Ka rubuta, in rubuta. Ni ajami na iya, kai ma ubanka ya koya maka. 'Yarka Lujain za ta riƙa ɗaukar hoton takardar tana aika maka ba tare da ta san abin da na faɗa a kanta ba, kuma hakan ya yi mini daidai. Gwaggonka Mastura tana gidanta a unguwar Waziriyya, ƙafa ta hana ta fita, amma bakin yana aiki.

To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Lujain ta zo mini da saƙonka ranar Juma'a. Ta ce a nadin harbi, wato kulob ɗin da take zuwa, an sa sunanta cikin waɗanda za su shiga gasa a watan gobe, mai koya musu kuma ta ce lokaci ya yi da za ta daina aron bindigar nadi, a yi mata takardu ta samu tata, wadda za a riƙa kulle mata a can. Ta ce kai ka hana ta zaɓa sai na je. Ka kyauta. Na ɗauka ruwan gishiri ya wanke maka abin da aka gaya maka kana yaro.

Zan maimaita maka ko da ka sani, don in na tafi ba wanda zai maimaita. Kakanmu Jatau maharbi ne a ƙasar Haɗejia. Da Nasara suka ci ƙasa, ya ɗauki matarsa Delu da ƙaninsa Tanimu suka bi ayarin masu tafiya gabas a ƙafa. Ubanmu yana goye a bayan Delu. Bayan sun haye kogin Shari, ɓauna ta fito wa ayari daga cikin ciyawa. Jatau ya saita bindigarsa adaka ya ja kunama, ta ƙi tashi. Ɓaunar ta kashe Tanimu a gabansa. Da aka binne shi, Jatau ya koma bakin kogi ya jefa adakar a ruwa a kan idon kowa. Ya ce daga ranar, duk wanda ya fito daga tsatsonsa babba ne zai zaɓa masa bindiga, kuma bindigar da ta taɓa ƙin tashi ko sau ɗaya ba a sake ɗaukarta. Mun zauna Sudan, mun haye zuwa Jidda, mun koma 'yan kasuwa da direbobi, ba wanda ya sake riƙe bindiga. Ni yadi na sayar har gemu ya yi fari. Ban zaci za a sake neman maganar nan ina raye ba, sai ga ta ta dawo ta hannun mace.

Na je nadin. Suka ba ni wani abu in rufe kunnuwa, na ce musu Allah ya riga ya rufe mini, suka ce duk da haka. Wasan ba abin da na zata ba ne. Farantan ƙarfe biyar ne aka shafa musu farin fenti aka jera a nesa, wasu zagaye, ɗaya mai kusurwa. Mutum ya tsaya, wani ɗan agogo ya yi ƙara a bayansa, shi kuma ya bugi farantan ɗaya bayan ɗaya iya saurinsa. Wanda ya fi gama su da wuri shi ne gwani. Harsashin kuwa bai fi ƙwayar gyaɗa ba, suna ce masa ishirin da biyu. Ba ya ture hannu, shi ya sa ake komawa kan faranti na gaba da sauri. Na ga 'yarka ta yi, kafin in gyara zama ta gama. Ban yaba mata ba, kada kanta ya kumbura. Na dai ce mata in na aure ta ba zan riƙa yi mata faɗa ba. Ta ce, "Sidi, ai ka makara, ni ba na auren mai sanda." Yaran Jidda ba sa cewa kaka, sai Sidi.

Mai koya musu mace ce, sunanta Ghada, doguwa, ba ta da yawan dariya. Ta jera mini bindigogi uku a kan tebur. Sunayensu ba su zauna a bakina ba, don haka na raɗa musu nawa. Akwai Amarya, mara nauyi, tana ƙyalli, da ɗan gilashi a kanta mai nuna jan ɗigo a inda harsashi zai sauka. Akwai Siririya mai dogon baki. Sai Tsohuwa, baƙa, mai nauyi, wadda wata ta yi shekaru da ita ta bar wasan, har ƙotarta ta yi sulɓi. Lujain ba ta nuna mini wadda take so ba, ta san ƙa'ida. Na ce musu ba na zaɓen yadi a ninke, sai an warware. Zan koma a harba mini kowace in gani.

Allah ya tsare ka a kan ruwa.

Baffanka, Ɗan'azumi

*

Daga jirgi, kusa da Jubail
Tsakiyar Safar

Zuwa ga Baffa.

Amin, wa alaikumus salam. Na gaishe ka da girmamawa, ina kuma yi maka addu'ar samun sauƙin gwiwa. Ni lafiyata ƙalau, sai zafi da kewar gida. A gaishe mini da Gwaggo Mastura.

Na karanta wasiƙarka sau da yawa. Labarin Kaka Jatau na ji shi daga bakin mahaifina, amma bai iya jera shi kamar kai ba. Na gode da ka ɗauki wahalar zuwa nadin da wannan gwiwar.

Baffa, akwai abu ɗaya da nake so in faɗa, kuma ina roƙon kada ka ɗauke shi rashin kunya. Na raka Lujain wurin nan kafin in taho, na ɗan ga yadda abin yake. Wannan ƙaramin harsashi ba kamar manya ba ne. Abin da ke kunna shi yana kewaye da gefen gindinsa, kuma wani lokaci tun daga inda aka ƙera shi ba ya cika gefen duka. Sai bindiga ta buga daidai, shi kuma ya yi shiru. Duk masu wasan sun san haka, yana faruwa ko da bindigar da ta fi kowace kyau. Abin da suke dubawa shi ne wadda ba ta yawan riƙe kwanso, wadda ta zauna a hannun mai ita, wadda ake iya kwancewa a goge ba wahala, kuma ake samun gidan harsashinta in ɗaya ya lalace. Ghada ta san waɗannan duka. In ta nuna wadda ta dace, ni abin da nake nema a wurinka shi ne ka ɗora hannu ka sa albarka, a cika al'ada.

Yarinyar nan tun rasuwar mahaifiyarta ban ga ta riƙe wani abu kamar yadda ta riƙe wasan nan ba. Kuma an ce dole a rubuta bindigar da mutum zai shiga da ita kafin a rufe sunaye a ƙarshen wata.

Ɗanka, Abduljalil

*

Mahjar
Safar ya yi nisa

Abduljalil.

Salama da gaisuwa. Muna lafiya, sai ruɗubar garin nan, wannan danshin iska, da ta sa ko riga mutum ya shanya sai ta kwana jiƙe. Ka san Jidda a irin wannan lokaci.

Na ga abin da ka rubuta. Wato ni hannu ne kawai da za a ɗora. Da haka ne da ka aiko a ɗauki hoton tafina a manna a jikin bindigar, a hutar da gwiwata. Jatau bai ce babba ya sa albarka ba, cewa ya yi babba ya zaɓa. Ka ce in zaɓa, kuma zaɓen nake yi.

Na koma nadin. Na zauna a bayan layi na ce Lujain ta ɗauki kowace ta yi ta harbi har in ce ta tsaya. Amarya aka fara. Ta yi kyau da farko, sai can kwanso ya maƙale a bakin ƙofarta a tsaye, yarinya ta tsaya tana ciro shi da yatsa, agogo yana ta ci. Na ce a ajiye. Siririya ta fi ta daɗewa, amma ita ma ta zo wani wuri ta ce ƙas, ba abin da ya fita. Na ce a ajiye. Tsohuwa ta daɗe ƙwarai, har na fara gyara murya zan yi magana. Farantan suna ta amsawa, hannun yarinyar ko rawa ba ya yi. Sai a faranti na huɗu na ga ta ja kunama, shiru. Na ga kafaɗunta sun sauka tun kafin ta juyo.

Ta ce, "Sidi, hada adi, wallahi kullum yana faruwa." Wato wai abin yau da gobe ne. Ghada ma ta zo tana ta bayani, tana nuna mini wani abu a tafin hannunta. Ban tsaya ji ba, kunnuwan ma a rufe suke rufi biyu. Na ce musu Tanimu ma sau ɗaya aka yi masa. Duka ukun sun faɗi, jinin Jatau ba zai ɗauki ko ɗaya a cikinsu ba muddin ni ne babba. Na ce ta ajiye, ta kuwa ajiye, ba ta yi mini musu ba. Takarda ta cika, bari in ɗauko wata.

To. Kada ka ga kamar na rufe magana. Garin nan da girmansa ba za a ce bindiga uku ce kawai a cikinsa ba. Na gaya wa Ghada ta nemo wasu, ko daga Riyad ne, in sake zama in gani. Yarinyar za ta shiga gasarta, ni na faɗa, kuma zan zauna a gaba in kalla. Abin da ba zan yi ba shi ne in miƙa mata abin da zai ba ta kunya a gaban mutane. Da muka iso gida ta shigo ta haɗa mini shayi kafin ta wuce. Tarbiyyarta da kyau, wannan na uwarta ne.

Baffanka

*

Daga jirgi

Baffa.

Ina gaisuwa. Ina rubutu da gaggawa, domin yau za mu fita can cikin teku inda waya ba ta kamawa, kuma ban san ranar dawowa ba.

Hoto biyu Lujain ta aiko. Na farko ya buɗe, na biyu sai juyawa yake ya ƙi fitowa. Amma abin da na karanta ya isa. Ka ce duka sun faɗi, ka ce ta ajiye. Baffa, bindigar da ba za ta taɓa yin shiru ba da irin wannan harsashi ba a ƙera ta ba tukuna. Don haka na fahimci hukuncinka, wasan ne ba ka so a gidanmu, kuma ba zan sa 'yata ta tsallake maganarka ba ina nesa. Na aika mata ta je ta ce wa Ghada a cire sunanta. Ta amsa mini da kalma ɗaya, ta ce halas, wato shi ke nan.

Ba zan ɓoye maka ba, abin ya yi mini ciwo. Ni na kai ta wurinka da hannuna. Amma kai ne a madadin mahaifina, kuma ban taɓa ƙin bin maganarsa ba. Ina roƙonka dai ka riƙa kiranta tana zuwa, kada ta zauna ita kaɗai a ɗaki.

Allah ya ƙara lafiya.

Abduljalil

*

Mahjar
Ƙarshen Safar

Abduljalil.

Salama. Ban san ranar da wannan za ta same ka ba, amma zan rubuta, don in ban rubuta ba abin zai tsaya mini a ƙirji. Jiki lafiya.

Kai wane irin mutum ne da za ka karanta rabin magana ka yanke hukunci? Ubanka ma haka yake, a ce masa ana neman shi a masallaci, ya tashi da gudu bai ji wane masallaci ba. Yaushe na ce ta bar wasa? Ka sa yarinya ta je ta ce a cire sunanta, ni ban ma sani ba. Na dai ga ta daina zuwa. Da ta zo kuma sai ta gaishe ni kamar baƙuwa, ba tsokana, ba maganar sanda. Na tambaye ta nadi, ta ce ta bari. Ban kai ga jin dalili ba sai da ta buɗe mini wasiƙarka a waya ta ƙara girman rubutun na karanta.

Ina cikin wannan sai ga saƙo daga Waziriyya, wai Yaya Mastura tana nemana. Ashe Lujain can ta je ta yi kukanta. Na shiga na same ta a kan gado an jingina ta da matasai. Ko gaisuwa ba ta bari mun gama ba. Ta ce in zauna, kuma in rufe bakina har ta gama, in na iya.

Ta tambaye ni wa ke ɗaukar albarushi a hanya lokacin su Jatau. Na ce maharbi mana. Ta ce a'a. Namiji hannunsa yana kan bindiga, idonsa yana daji. Mace ce ke ɗauka, a cikin tandu, a saman kayanta na ka, don ya yi nesa da raɓa. Ta ce Kaka Delu da bakinta ta gaya mata, tana yi mata kitso, lokacin ni ina rarrafe.

Ranar da suka haye Shari ruwa ya kai ƙirji. A tsakiyar kogi ƙafar Delu ta zame, majanyin goyo ya kwance. Hannunta ɗaya yana riƙe da kayan da ke kanta. Ta saki kayan ta cafke yaro. Wani ya tsamo mata kayan a gaba, ta goge tandun da bakin zane, ta ga murfin a rufe, ta yi shiru tana fatan ruwa bai shiga ba. Da safe Jatau ya ɗura adakarsa daga wannan tandun. Sauran ka sani.

Bayan an binne Tanimu ta ja mijinta gefe ta gaya masa. Ya tambaye ta ko ta faɗa wa wani, ta ce a'a. Matar Tanimu tana cikin ayarin, da 'yan'uwanta, ga tafiyar da ba a san ƙarshenta ba a gabansu. Sai ya tashi ya ɗauki adakar da ya fi so a duniya, ya kira mutane, ya zage ta a gabansu ya jefa ta a kogi. Daga ranar ba wanda ya tambayi albarushi.

Yaya ta ce, "Bindigar ba ta yi masa komai ba, Ɗan'azumi. Matarsa ya rufe. Yaron da ta saki kaya ta riƙe kuwa shi ne ubanka."

Daga baya na tambaye ta me ya sa shekara da shekaru ba ta taɓa faɗa ba. Ta ce, "Kai ka taɓa yin shiru in ana labarin nan?" Ta ce mata sun san nasu rabin, suna ba wa juna, maza kuma ba su tambaya ba. Yanzu tunda mace ce za ta riƙe bindigar, ta ga ya kamata rabin biyu su haɗu.

Kada ka yi saurin murna. Ban ce maganar Jatau ta faɗi ba. Mutumin da ya jefa bindigarsa a ruwa don kada a nuna matarsa da yatsa, maganarsa ba ta faɗuwa a wurina, sai ma ƙara nauyi da ta yi. Na dai lura bai taɓa hana a duba albarushi ba. Ghada ta ce wa Lujain ba za ta miƙa sunaye ba sai ranar Alhamis, kuma ba ta goge nata ba tukuna. Gobe zan koma.

Baffanka

*

Mahjar
Rabi'ul Awwal

Ɗana Abduljalil.

Assalamu alaikum. Saƙonka na ban haƙuri ya iso, na karɓa. Ka ce shafi na biyu ya buɗe bayan ka dawo gaɓa har ka ji kunya. Ta yi maka amfani. Muna lafiya, Yaya Mastura tana gaishe ka, ta ce ka taho mata da dabino mai laushi, haƙoran sun ƙare.

Ga yadda aka yi. Na koma nadin na cire abin kunne na ce wa Ghada ta maimaita mini abin da take nuna mini ran nan, da ƙarfi. Ba ta nuna ta ji haushi ba. Ta ce harsasan da aka gwada mini da su na koyo ne, masu araha, kuma kwalin ya daɗe a buɗe a wani ɗaki da sanyin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ba ya kaiwa. Irin wannan harsashi akwai ɗan kakin da ake shafa masa, in zafi da ruɗuba suka same shi sai ya yi danƙo. Ta ɗauko sabon kwali mai kyau ta buɗe a gabana. Ta kuma koya mini abu ɗaya da na riƙe. In bindiga ta yi shiru, a ciro harsashin a dubi gefen gindinsa. In akwai tabo mai zurfi, bindiga ta yi aikinta, harsashi ne ya ƙi. In tabon sama-sama ne, laifin nata ne.

Aka sake daga farko. Amarya ta yi kyau tana da tsabta, amma da ta ɗan yi baƙi sai ta koma riƙe kwanso, da harsashi mai kyau ma. Siririya ta yi shiru, na sa aka ciro na duba da tabarau, tabon ko ƙuda ba zai ji shi ba. Tsohuwa kuwa ta cinye kwalin nan duka ba ta yi tari ba. Na ce a kawo na arahar ma. Can ta yi shiru sau ɗaya, aka ciro, tabon kamar an sara da kurfi. Na sa Lujain ta kwance ta a gabana ta goge ta mayar, ta yi ba tare da ta nemi taimako ba. Gidan harsashinta kuma Ghada ta ce ana samu ko'ina. Nauyin da na raina ashe shi ke riƙe bakinta kada ya yi tsalle.

Na ɗora hannu a kanta na ce wannan. Lujain ta dubi Ghada, Ghada ta dubi bango. Ashe tun farko ita suke so su biyun. Na ce musu wannan sa'arsu ce, ni dai na zaɓa da idona.

Aka yi gasa ranar Asabar. Na roƙi abu ɗaya aka yi mini. Na ce kwalin harsashinta ba zai zauna a kan tebur ba, ni zan riƙe. Ghada ta yi magana da masu kula da wurin, suka ba ni kujera a bayan layi. Na naɗe kwalin a cikin hiramina na ɗora a cinya, in za ta cika gidan harsashi sai ta zo in buɗe mata, in sake rufewa. Wasu samari suna ta kallona suna murmushi. Ɗaya ya tambayi Lujain ko jariri ne na rungume, ta ce masa e, kuma kada ya matso ya tashe shi.

Tsohuwa ba ta yi shiru ba ko sau ɗaya. 'Yarka ta zo ta uku a cikin mata. Da ta zo ta biyu, amma ta kuskure faranti ɗaya don gaggawa ta koma ta sake bugunsa, gaggawar kuma ka san inda ta gado ta. Da ta gama ta zo ta durƙusa a gabana ta sumbaci kaina, ta ce yanzu ta yarda za ta duba maganar aurenmu in na yar da sanda.

Daga can muka wuce Waziriyya. Lujain ta ba Yaya labari, har da hirami. Yaya ta yi dariya har sai da aka ba ta ruwa, ta ce ashe Delu ta samu magaji, kuma da gemu.

Na zaunar da yarinyar na ba ta labarin Shari tun daga Haɗejia, rabin biyun a haɗe, a hankali yadda Hausarta za ta ɗauka. Kai ma in ka dawo za ka zauna ka ji shi daga bakina, ba a takarda ba. Akwai wata gasar bayan watan azumi. Kana iya zuwa ka kalla, amma kada ka sa ran zan ba ka kwalin. Wannan aikin nawa ne.

Allah ya dawo da kai lafiya.

Baffanka, Ɗan'azumi